Ranar Da Aka Kai Ni Jami'a Da Dillali

Mahaifina bai taɓa sayar da ko buhu ɗaya na albasa da bakinsa ba. Shi yake dashe, shi yake ban ruwa a fadamarmu ta Kimba tun sanyi yana tsaga ƙafa har zafi ya shigo, shi yake jera ta a rudu, wato rumfar karan da muke ajiye albasa don iska ta riƙa ratsa ta. Amma ranar da aka loda ta zuwa kasuwar Aliero sai ya zama bebe. Zai sami inuwa ya zauna a kan buhu, ya harɗe hannuwa, dillali ya yi magana. A ganinsa duk wanda ya yi cinikin kayansa da kansa ya shaida wa duniya ba shi da kowa. Sa da dillali ya saya, keke da dillali, har rediyon da yake ratayawa a gona sai da wani ya tsaya tsakaninsa da mai kanti.

Dillalin kuwa guda ne, wan mahaifiyata, wanda muke ce wa Kawu. Gajere ne mai ƙatuwar murya, hularsa kullum a karkace, bakinsa ja wur da goro. Kawu yana cewa tayin farko zagi ne, ko da ya fi abin da kake fata. Da mai saye ya taya, sai ya ce albarka, ya ɓata rai, ya miƙe ya kama hanya. Wannan tafiyar ita ce sana'arsa. Yana yin ta a hankali, yana jan ƙafa, ba ya waiwaye, kuma kafin ya kai wurin masu shayi za ka ji ɗan kudu yana kwala masa kira, don motarsa tana jira a cika ta. Sau ɗaya na san dabarar ta ci mu, shekarar da albasa ta yi yawa har ta rasa mai kallonta. Kawu ya yi tafiyarsa har ya fita kasuwa, ba wanda ya ko yi tari, albasarmu ta ruɓe muka zubar a kwazazzabo. Ba a tayar da zancen shekarar yawan nan a gidanmu.

Shi ma Baba yana da tasa al'adar. In ciniki ya faɗa, kalma biyu yake furtawa, na sallama, sai ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi. Ba ya tsayawa kallon lodi, ba ya waiwayar mota. Ina yaro na taɓa tambayarsa dalili, ya ce abin da ka sallama ya zama na wani, kallonsa kwaɗayi ne.

Jami'ar da ke Aliero kuwa, duk kaka muna wuce katangarta ina zaune a kan buhuna a bayan a-kori-kura. Ban taɓa ɗauka tana da ƙofar da irina zai shiga ba. A raina wuri ne na 'ya'yan masu sa safa. Malaminmu na lissafi a sakandare a Jega shi ya matsa mini, ya kai ni shagon masu kwamfuta aka yi mini rajistar jarrabawa, ya sa na riƙa zuwa ina koyon latsa abin har hannuna ya saba. Lissafi na zaɓa da kaina, don shi kaɗai ne abin da na fi kowa a ajinmu, kuma ina son sa tsakani da Allah. Baba ya yarda, amma ya faɗa mini a fili sau ɗaya zai iya. In bai yiwu ba, baɗi zan fara bin motar albasa zuwa kudu, kamar yayyena.

Wata rana muna cire ciyawa sai ga malamin a kan babur har bakin fadama. Ya ce sunana ya fito, an ba ni lissafi. Sai dai labarin ya daɗe da fita, ni ba ni da wayar da ake ganin irin wannan, shi kuma ya yi tafiya. An kusa gama tantance ɗalibai, jibi ce rana ta ƙarshe, wanda bai je da takardunsa ya sa hannu ba, za a ba wani wurinsa.

Na yi tsalle na taka kunyar albasa, Baba bai ko yi mini faɗa ba. Bayan malam ya tafi sai ya kira ni.

"Wa yat tsaya ma can ciki?"

"Ba kowa, Baba."

"Wa kas sani?"

"Ban san kowa ba. Jarrabawa na ci."

Ya girgiza kai, ya dube ni da tausayi. "Abu babba awa wanga ba ya zaka hakanan. Tayi na anka yi, ba a gama ba. Tahi ka kira min kawunka."

Kawu ya zo ya sa na tsaya a tsakar gida. Ya zagaya ni, ya danna kafaɗata da babban yatsa yadda yake danna albasa ya ji ko ta fara laushi, ya ce kayan ba laifi, shiri ne babu. Duk wanda ya san buhun albasa ya san yadda ake cika shi: ƙanana a ƙasa, manya jajaye a baki, inda idon mai saye zai fara sauka. Haka Kawu ya ƙudura zai shirya ni. Ya tura ni Maiyama wurin ɗan ƙanen Baba mai shagon magani, na aro baƙar kwat, da takalmi sau-ciki, da tabarau wanda ba ya ƙara gani ba ya ragewa. Takalmin ya fi ƙarfin ƙafata nesa ba kusa ba, Inna ta cusa tsumma a bakinsa. Ta kuma zazzage mini kwalbar turarenta don a kashe warin albasa. Warin bai mutu ba, turaren ma bai mutu ba, sai suka haɗu suka haifi wani wari na uku da har yau ban sake jin irinsa ba.

"In anka tambaye ka sana'ar babanka," in ji Kawu, "ka ce shina harkar kudu. Ko ma dai kada ka ce komi. Mai kaya ma bai magana, balle kaya."

Ranar muka hau mota a tashar Jega, ni a tsakiya, cikin kwat, ana tsakiyar bazara. Da muka shiga harabar jami'ar muka tarar da layi ya fito daga wani ofis ya bi baranda ya karya kwana. Na yi ta neman 'ya'yan masu safa. Akwai su, ba na ce babu ba, har da wanda direba yake riƙe masa lema. Amma a gabana wata yarinya ce daga wajen Zuru da sarƙar gicciye a wuya, takardunta a ledar burodi. Akwai wani Bafulatani dogo da ya jingine sandarsa a bango, da wani mai keken guragu da ya fi kowa surutu, da ɗan Inyamurin da ubansa yake sayar da kayan babur a Jega, wanda Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Yawancinsu silifas ne a ƙafarsu. Wasu sun zo da uwa, wasu da wa, wasu su kaɗai. Na duba layin daga farko har ƙarshe, ni kaɗai na zo da dillali. Mahaifiyar yarinyar Zuru ta rusuna ta gaishe ni, ta ce malam, don Allah a taimaki 'yarta.

Kawu kuwa ya ji daɗin wannan gaisuwa ƙwarai. Ya raɗa wa Baba cewa shiri ya fara aiki.

Da layi ya zo kanmu, muka shiga mu uku. Wata mata ce a bayan tebur, za ta yi sa'ar Inna, da tabarau na gaskiya da kwamfuta a gabanta. Ta ce ɗalibi kaɗai ake buƙata. Kawu ya ce kaya ba ya shiga ba mai shi. Ta dube shi, ta dubi furfurar Baba, ta yi murmushi ta nuna musu benci. Tana duba takarduna ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da abin da ke cikin kwamfuta, Kawu yana yabona. Ya ce ba na shan taba. Ya ce ni kaɗai nake ɗaga buhu. Ya ce irinmu muna da ajiya, ba mu saurin lalacewa, ta tambayi kowa a kasuwa.

Ta ɗago kai ta ce, "Komai ya yi daidai. An ba shi lissafi. Sai ya sa hannu a nan, a ɗauke shi hoto."

Na miƙa hannu zan ɗauki biro, sai na ji muryar Kawu a bayana.

"Albarka."

Matar ta ajiye biro. Bahaushiya ce, ta san abin da ta ji. Ta ce, "Baba, ba ciniki muke ba."

"Hajiya, dut mai saye haka shika cewa. Ƙara dai. Duba yaro da kyau. Likita. In ya yi wuya, injiniya, don mutunci. Lissahi ai ko mai ƙosai ta iya shi."

Ta yi masa bayani da haƙurin da ni ba ni da shi. Ta ce lissafi na nema, lissafi na ci, ita ba ta da ikon ƙarawa ko ragewa, kuma yau ce rana ta ƙarshe, da la'asar za ta rufe. Kawu ya yi dariyar ƙwararru, don a kasuwa ma kowane ɗan kudu motarsa yanzu-yanzu za ta tashi. Na buɗe baki zan ce ni dai ina so. Baba ya take mini ƙafa, amma tsumma ya taka, ban ji komai ba, na ci gaba da buɗe baki. Sai Kawu ya mintsine ni a cinya, wannan kam na ji. Ya tattara takarduna daga kan tebur, ya ɓata rai, ya miƙe.

"Mu tai. Ba nan kaɗai ad da jami'a ba."

Muka fara tafiyar nan tasa. Ban taɓa sanin tana da wuya haka ba sai da na yi ta da takalmin wani. Kawu yana gaba yana jan ƙafa, yana magana ta gefen baki: "Kada wanda yaw waiwaya. Kahin mu kai ƙohwa ta kira." Muka kai ƙofa, shiru. A baranda muka ji ta ɗaga murya, Kawu ya tsaya cak ya gyara hula, ashe na gaba take kira, yarinyar da ke bayanmu ta shige. Muka sauka daga baranda, muka kai gindin wata bishiyar dogon yaro, Kawu ya ce matar nan ta iya saye, ta burge shi. Muka wuce filin ajiye motoci. Mai gadi ya buɗe mana ƙofar waje ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A bakin titi, kusa da mai rake, muka zauna. Kawu ya ce yanzu za ta aiko. Duk wanda ya fito ya nufo wajenmu, sai ya kau da kai yana kallon sama kamar mai duban hadari, mutumin ya wuce abinsa. Ɗaya ne ya zo har gabanmu ya yi sallama, Kawu ya ƙi amsawa da wuri don kada a ce mun ƙagu. Mutumin ya tambaya ko mun ga inda akuyarsa ta bi.

Muka yi azahar a nan, muka koma muka zauna. Ba zan ɓoye ba, na tsani Kawu a wannan lokacin, na ji haushin Baba, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Abin da na yi shekaru ina nema yana bayan katanga, biro ne kawai tsakanina da shi, ni kuma ina zaune a gaban mai rake ina jiran a zo a lallashe ni. A gidanmu ba a musu da babba a gaban mutane, kuma takardun suna cikin aljihun Kawu. Hawaye suka zubo mini a bayan tabarau, amfanin da tabarau ɗin ya yi mini ke nan duk ranar.

Baba kuwa yana zaune a gefe. Ƙofar jami'ar yake kallo. Babura suna ta sauke yara, kowa da ambulan a hannu, wasu suna gudu. Wata tsohuwa ta sauko daga mota da jikanta, ƙafafunsu duk jar ƙasa, ba su ko tsaya shan ruwa ba. Inuwar katanga ta fara miƙewa zuwa titi. Can sai na ji ya yi magana, a hankali, kamar da kansa yake.

"Shekarar yawa ta."

Kawu ya ce, "Mi kac ce?"

"Nic ce shekarar yawa ta. Duba ka gani. Ba ta kira. Ba ni takardun."

Kawu ya dafe aljihu. Ya ce in aka koma an zubar da daraja, ya ce gobe duk kasuwa za ta ji, ya ce shi tun da ya fara dillanci bai taɓa komawa da ƙafarsa ba sai an kira. Baba ma bai taɓa ba, duk mun sani. Ya miƙa hannu bai janye ba har Kawu ya zaro takardun. Sannan ya juyo gare ni ya ce in tuɓe kayan mutane. Na cire kwat, na cire tabarau, na zare takalmi, tsumma ya biyo ƙafata. Ya tura mini takalminsa na roba, shi ya taka ƙasa da tafin ƙafarsa. Muka bar Kawu rungume da kwat.

Wannan karon ba jan ƙafa. Baba yana gaba, ina binsa da gudu-gudu. Muka bi bayan layi kamar kowa, yana tsaye yana kallon rana yana kallon ƙofa, har muka shiga. Matar ta gane mu, ta duba bayanmu tana neman na ukun.

Baba bai zauna ba. A kasuwa in mai saye ya yi shakkar abin da ke ƙasan buhu, yakan ce a juye, a zazzage komai a ƙasa kowa ya gani. Ba abin da manomi ya ƙi jini kamar wannan.

"Hajiya, na zaka in juye buhu," in ji shi. "Ni manomin albasa na, daga Kimba. Ban yi boko ba, ba ni da kowa nan ciki. Kwat ɗin nan da kig gani aro na, takalmi aro na, madubin ido ma bai ganin komi. Ga abin da ad ƙasa, shi na wanga. Ba mu da wani wurin zuwa, ƙarya munka yi. Lissahin nan shika so, tun shina ƙarami. In da sauran wuri, ki taimake ni."

Ban taɓa jin mahaifina ya roƙi kowa ba sai ran nan, kuma na so ƙasa ta tsage in shige, don na san saboda ni ne.

Matar ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Baba, ba sai ka roƙe ni ba. Wurin nasa ne, shi ya ci jarrabawa. Ko shi kaɗai ya zo zan ba shi biro."

"Ba wanda yat tsaya mai?"

"Babu. Kai, sa hannu, ina da mutane a waje."

Na sa hannu. Aka ɗauke ni hoto, shatin tabarau yana nan raɗau a karan hancina, haka na yi ta yawo da shi a katin shaida har na gama. Baba ya tsaya yana jiran sauran, bai yarda an ƙare ba. Da ya ga ta miƙa hannu tana karɓar takardun na bayanmu, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "To, na sallama." Ta ce Allah ya amfana. Muna fitowa baranda aka kira la'asar.

Kawu muka tarar ya sa kwat ɗin a kan rigarsa yana shan rake. Kafin mu kai Jega ya gama gyara labarin. Washegari duk kasuwar Aliero ta ji yadda ya matsa wa wata Hajiya a jami'a, ta taya lissafi, ya ƙi, ya fita, sai da ta haɗa da digiri a matsayin gyara sannan ya bari aka koma. Har yau haka yake ba da shi, kuma tun da na fara koyarwa yake aiko mini da 'ya'yan mutane in tsaya musu. Nakan zaunar da su in koya musu lissafi, shi kuma ya ce wa iyayensu ana kan magana.

Da aka buɗe makaranta Baba ne ya rako ni, shi kaɗai, da tabarma da kwano da ɗan ƙullin albasa da Inna ta ce ko a jami'a ana miya. Ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai ya ga gadaje wani a kan wani, ya girgiza ƙarfen ya ji ƙwarinsa, ya ce rudu ne na mutane, in hau na sama don iska ta fi ratsawa. Ya gaisa da ɗan Inyamurin nan na Jega, wanda aka ba gadon ƙasa, ya ce masa in na yi rashin ji ya kai ƙara Kimba. Ya kakkaɓe riga ya fita.

Na tsaya a baranda ina kallon bayansa. Na san ba zai waiwayo ba, tun ina yaro nake ganin wannan ƙeyar tana barin kasuwa. Ya wuce ofishin matar nan, ya kai gindin bishiyar dogon yaron nan inda Kawu ya yabi iya sayenta. A nan ya tsaya, ya juyo gaba ɗaya, ya daɗe yana kallona. Na ɗaga masa hannu, sai ya yi kamar hularsa yake gyarawa.